Ɗana ya shiga gasar muhawara, yanzu babansa yake ƙurewa

Anti, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni 'yar Kudancin Kaduna ce, muna zaune a jihar Texas ta Amurka da maigidana da yaranmu uku. A gida nake koyar da su, ba sa zuwa makaranta. Bara wata 'yar cocinmu ta ba ni shawara in sa babban, mai shekara 15, a ƙungiyar muhawara ta yaran Kirista masu karatu a gida, domin yaro ne mai kunya, ko addu'a aka ce ya yi a gaban mutane sai muryarsa ta hau rawa. To, kunya kam ta tafi, amma ba ita kaɗai ta tafi ba. Yanzu ba a yin magana a gidan nan ya bari ta wuce. Ƙanwarsa har kuka take yi. Ranar Lahadin da ta wuce muna da baƙi, babansa yana magana kan tsadar kaya da harajin da ake ɗora wa kayan waje, sai yaron nan ya ce, "Baba, wa ya faɗi haka, kuma a wace shekara?" Falon ya yi tsit. Babansa bai tanka ba sai da baƙi suka tafi, sannan ya ce muhawara ta ƙare, ba zai ƙara biyan ko sisi ba. Ni kuwa abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. A gasar da suka je, da safe ya goyi bayan ƙuduri ya ci, da rana ya soki ƙudurin nan ya sake ci, ya dawo yana murna. Anti, ba harshe biyu ake koya masa ba? Yaron da zai iya kare kowane ɓangare, gobe me zai hana shi kare ƙarya, ko ya juya wa bangaskiyarsa baya? Ga kuɗin rajista da mai da otal. Saura gasa biyu kakar nan ta ƙare. In bi maigida mu cire shi, ko in roƙe shi?

Wata uwa, daga Texas

Ƙanwata, na amsa gaisuwa, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Ki roƙe shi. Amma kada ki je masa da cewa yaro bai yi laifi ba, domin ya yi, kuma maigidanki yana da gaskiya da ransa ya ɓaci. Ƙure uba a gaban baƙi ba ƙaramin abu ba ne, ko a Kafanchan ko a Texas. Inda ba na tare da shi shi ne maganin da ya zaɓa. Inda kuma ba na tare da ke shi ne batun harshe biyu, zan zo kansa.

Ina jin ke da babansa kuna kallon abin ne da idon muhawarar da muka sani a makarantun gida, wadda ake fito da ɗalibai ranar Juma'a da yamma, a gaida shugaban taro da alƙalai da mai duba lokaci, a ce likita ya fi malami amfani, kowa ya zubo abin da ya haddace, a tafa, a watse. Abin da ɗanki yake yi ya fi kama da zaman kotu. Manyan ƙungiyoyi biyu ne ke shirya wa yaran Kirista masu karatu a gida irin wannan gasa a Amurka. NCFCA ta samo asali ne daga gasar da ƙungiyar lauyoyin nan masu kare haƙƙin koyarwa a gida, HSLDA, ta fara a 1997, ta tsaya da ƙafarta a 2001. Stoa kuma ta ɓalle daga cikinta a 2009. Kowace tana fitar da ƙuduri guda na shekara kan manufofin gwamnati, su haraji, dokar zaɓe, tsarin hukunta masu laifi, hulɗa da Rasha da makamantansu, yara su shekara suna tono a kai. Ana yin ta biyu da biyu. Kowane yaro yana da jawabin kafa hujja na minti 8, abokin hamayya ya yi masa tambayoyin ƙure na minti 3, daga baya kowa ya sake tashi ya yi jawabin martani na minti 5. Zagaye ɗaya ya fi awa guda, kuma a gasa guda sukan yi zagaye shida kafin a tace, rabi suna goyon baya, rabi suna adawa.

Ga abin da nake so ki riƙe daga duk wannan. Yaran suna da wata doguwar takarda da suke ja wa layuka su raba ta gurbi-gurbi, suna ce mata fulo, suna rubuta kowace hujja da aka kawo da amsar da aka ba ta a gefenta. In abokin hamayya ya faɗi wani abu kai kuma ka tashi ba ka taɓa shi ba, gurbin nan ya zauna fayau, kuma ƙa'idar wasan ita ce hujjar da ba a amsa ba an yarda da ita. Sai ɗayan ya miƙe ya ce wa alƙali, "Ba su amsa wannan ba, don haka tamu ce." Akan rasa zagaye sukutum a kan abu ɗaya da aka bari ya wuce. Shekara guda ke nan ana horar da ɗanki a kan cewa shiru faɗuwa ce.

Mu kuma fa? A gidanmu shiru shi ne ladabi. Babba ya yi magana, ko ka ga gyara, sai ka sunkuyar da kai, in ta kama ka same shi a keɓe daga baya, ka fara da "Baba, ni dai ban gane ba." Kawaici muke ce masa, kuma da shi ake gane ɗan da ya sami tarbiyya. To ga yaro an koya masa duk maganar da ya bari ta wuce ya amince da ita, ga uba kuma ya tashi a inda duk maganar da yaro ya mayar raini ce. Suna zaune a tebur ɗaya, kowa da ƙa'idarsa, ba wanda ya taɓa gaya wa ɗayan. Ko tambayar da ya yi, wa ya faɗa kuma a wace shekara, ba shi ya ƙirƙiro ta ba. A wajen gasa ba a karanta hujja sai an faɗi marubucinta da shekararta, kuma ita ce tambayar farko da kowane sabon shiga yake koya. Ya ɗauko ta da ɗuminta ya kawo falo. Kin san yaro in aka ba shi sabuwar wuƙa, har ƙafar kujera sai ya gwada ta a kai.

Abin da ya sa na ce kada a cire shi yanzu shi ne, rabin sana'ar ya koya, kuma rabin da ya rage shi ne wanda gidanku yake bukata. A tsarin zagayen akwai wurin da masu adawa suke yin jawabi biyu a jere, minti 8 da minti 5, sai mai goyon baya ya tashi da minti 5 kacal ya amsa maganar minti 13. Duk wanda ya san wasan zai gaya miki wannan ne jawabi mafi wuya. Sabon shiga yakan yi ƙoƙarin taɓa komai, ya yi ta haki, ƙararrawa ta kaɗa bai gama komai ba. Wanda ya goge yakan duba takardarsa ya zaɓi abu biyu ko uku da shari'ar ta rataya a kansu, ya ba su ƙarfinsa, sauran ya haɗa su a jimla guda ko ya ƙyale su da saninsa. Wannan ba a samunsa a shekarar farko. Sai an sha kaye, an karanta takardun alƙalai, an ji kunya. In kuka cire shi yau, zai zauna da bakin da ya iya sara amma bai koyi zaɓen abin da ake sara ba, kuma ba kocin da zai ƙara gyara shi.

Akwai kuma batun alƙali. A makarantun gwamnati da jami'o'in Amurka muhawarar manufofi ta koma magana da gudu kamar mai gwanjo, baƙo ba ya tsintar ko kalma. Ƙungiyoyin nan biyu sun guje wa wannan da gangan, ta hanyar ɗauko alƙalansu daga cikin iyaye da mutanen gari: fasto, nas, tsohuwar da ta yi ritaya, wanda bai taɓa ganin muhawara ba sai ran nan. Dole yaro ya yi maganar da irin waɗannan za su gane, su kuma yarda da shi. A lokacin tambayoyin ƙure ma ba juna suke fuskanta ba, su biyun alƙali suke kallo. Kuma ban da zaɓen wanda ya ci, alƙali yana ba kowane yaro maki a kan yadda ya yi magana da yadda ya bi da abokin hamayyarsa. Na taɓa zama alƙaliya a irin wannan gasa, na kayar da wani yaro da ya fi kowa takardu, saboda ya yi wa wata yarinya dariya tana cikin amsa. Na rubuta masa dalilin a takarda. Saboda haka ki tambayi ɗanki: ranar Lahadi, su wa ne alƙalai a falon nan? Baƙin ne. Da za a ba su takarda, wa za su ba nasara? Zai gane wannan yaren fiye da duk faɗan da za ki yi masa.

Yanzu batun harshe biyu. Ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ka san ba haka yake ba. A wajen gasa kowa ya san ba yaro ne ya zaɓi ɓangarensa ba, jadawali ne ya ba shi, kuma alƙali ya san anjima zai koma ɗaya gefen. Ba wanda aka yaudara. Sannan ki duba irin abin da suke jayayya a kai: a rage wani haraji ko a bar shi, a sauya wata doka ko kada a sauya. Waɗannan abubuwa ne da dattawan ikkilisiya biyu masu tsoron Allah za su saɓa a kansu, su kuma ci Jibin Ubangiji tare. Ba a sa yaro ya tashi ya ce Almasihu bai tashi daga matattu ba. Karin Magana 18:17 ta ce wanda ya fara kawo ƙara yakan zama kamar shi ne mai gaskiya, sai ɗan'uwansa ya zo ya bincike shi. Yaron da aka tilasta masa ya tsaya a ɗaya gefen ya ji nauyin hujjarsa, ya fi wuyar ruɗa a kan wanda gefe ɗaya kawai ya taɓa ji. Ni wanda nake jin tsoro a kansa shi ne yaron da ya tashi a gida bai taɓa jin an ƙalubalanci abin da ya gaskata ba, sai ranar da ya shiga jami'a wani malami mai zaƙin baki ya yi masa tambaya uku.

Amma tsoronki bai tashi a banza ba, wurin da kika sa shi ne ba daidai ba. Ƙaryar da ake yi a muhawara a cikin takardu take. Yaro ya yanko rabin jimlar wani masani ya bar rabin da ya ce "amma", ko ya kawo alƙaluman da suka tsufa ya yi shiru a kan shekarar, ko a yi masa tambaya ya ce "ban sani ba" alhali ya sani. Dokokin gasa sun hana murɗa hujja, amma ba kullum ake kama mai yi ba, kuma son cin kofi yana da ƙarfi a zuciyar ɗan shekara 15. A nan ya kamata idonki ya tsaya. Ke ce malamarsa. Ki ce ya kawo miki hujjoji uku da ya fi dogara da su, ku buɗe asalin rubutun tare, ki ga ko abin da ya yanko shi ne abin da mai rubutun yake nufi. Ki kuma riƙa tambayarsa, bayan kowace gasa, "To kai, a ranka, wane gefe ne ya fi gaskiya?" In yana da amsa, ko da amsar ita ce "Mama, da ina ganin kaza, yanzu na fara shakka," lafiya lau. Ranar da ya ce miki ai ba ruwansa, duk wanda ya iya magana shi ne mai gaskiya, ran nan ki rubuto mini, za mu sake shawara.

Zan kuma gaya miki wani abu da iyayen ƙungiyar ba lallai su faɗa miki ba. Ana yawan ambaton 1 Bitrus 3:15 a waɗannan wurare, cewa mu zauna a shirye mu ba da amsa ga mai tambayar dalilin begenmu. Amma Bitrus bai tsaya nan ba, ya ɗora da cewa a yi shi da tawali'u da bangirma, kuma wannan kashin ne yakan faɗi a hanya in an fara ƙirga kofuna. Suna na Kirista a kan ƙungiya ba ya hana girman kai shiga. Akwai kuma iyayen da suke ɗaukar gasar tamkar makarantar horar da 'yan siyasar gobe, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa Michael Farris, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa HSLDA a 1983, shi ne ya kafa kwalejin Patrick Henry a Virginia a 2000 da burin fitar da matasa masu shiga harkar mulki. Wannan burinsu ne, ba dole ya zama naku ba. Ke kin sa shi ne don ya iya buɗe baki a gaban mutane, kuma ya iya.

Da maigida kuwa, ki bari sai ya huce, ba a gaban yara ba. Kada ki fara da amfanin muhawara, ki fara da cewa abin da yaron ya yi bai dace ba kuma zai zo ya ba da haƙuri. Sai ki kawo masa abu guda da na tabbata zai auna: yaron nan yana da abokin wasa. Biyu-biyu ake yi, in ɗanku ya janye a tsakiyar kaka, ɗan wasu ya rasa gasa biyun da suka rage bayan ya yi wata da watanni yana shiri, iyayensa kuma sun kashe nasu kuɗin. Mutumin da yake so ɗansa ya koyi mutunci ba zai so ya fara da saɓa alkawari ba. Ki roƙi a ƙarasa kakar nan kawai. Batun baɗi a bar shi sai an ga hali, kuma a gaya wa yaron haka ƙarara, cewa komawarsa tana hannun yadda ya zauna da mutanen gidan nan daga yanzu zuwa lokacin.

Haƙurin da zai bayar kuma ya zama haƙuri, ban da "amma ai". Zai so ya yi bayani, domin an koya masa bayani. Ki gaya masa wannan karon ba shi da minti 5 na martani. In ya ce ai tambaya kawai ya yi, ku buɗe Luka sura 2 tare. Yesu yana ɗan shekara 12 aka same shi a Haikali a tsakiyar malamai, yana sauraronsu yana kuma yi musu tambayoyi, har ana mamakin amsoshinsa. Daga nan ya bi iyayensa zuwa Nazarat yana yi musu biyayya. Sauraro aka fara ambata kafin tambaya, kuma iya magana a Haikali bai ɗauke masa biyayya a gida ba. Shi ma babansa akwai tasa ayar, Afisawa 6:4, da ta ce kada ubanni su tsokani 'ya'yansu har su fusata, amma wannan ba ke za ki karanta masa ba a wannan makon.

Abin da zai fi yi muku aiki, a ganina, shi ne babansa ya je gasa ta gaba ya zauna a kujerar alƙali. Kullum suna neman alƙalai, ana yi wa sababbi ɗan bayani kafin a fara, kuma ba za a ba shi zagayen ɗansa ba. Gani ya kori ji. Zai ga 'yan shekara 14 cikin kwat suna jayayya kan kasafin kuɗi, su gama su yi musabaha, su zo su gode masa. Zai gane daga ina tambayar nan ta fito. Yaron kuma zai ga babansa riƙe da alƙalami, yara irinsa suna ƙoƙarin gamsar da shi, wanda wataƙila bai taɓa kallonsa a haka ba. In aiki ya hana shi, ke ki yi, amma nasa ya fi.

A gida kuma ku ba abin wurinsa. Ku sa wani dare guda a mako, bayan cin abinci, yaro ya kawo shirinsa babansa ya yi masa tambayoyin ƙure na minti 3 da agogo. Mutumin da ya yi rayuwa a ƙasa biyu, ya ga yadda doka take a takarda da yadda take a kasuwa, yana da tambayoyin da ba su cikin kundin kowane koci. A wannan zaman yaro yana da izinin cewa "Baba, ina hujja?" Da agogo ya tsaya, an koma uba da ɗa. A gaban baƙi, ko a coci, ko in babba yana magana, in ya ji abin da bai yarda da shi ba ya riƙe shi a ransa ya kawo daren nan. Ƙanwarsa kuwa ba abokiyar hamayyarsa ba ce, ba ta yi rajista ba. In ta ce tuwon jiya ya fi na yau daɗi, ba ta bukatar kawo marubuci da shekara.

Kuɗi ba zan daɗe a kansu ba. Ba dole ne a je kowace gasa ba, ku zaɓi na kusa da za a iya zuwa da mota. Ki tambayi masu shiryawa ko akwai iyalan da ke sauke baƙi a gidajensu, ana yin haka a gasa da yawa, kuma ku haɗa mota da iyayen abokin wasansa. Kwat ɗaya ta isa, ba wanda yake ba da maki a kan sabuwa.

Kafin ki je wurin maigida, ki fara zama da yaron, ki ce ya ɗauko fulo ɗinsa na zagayen da ya faɗi, ba wanda ya ci ba, tare da takardar da alƙalin ya rubuta masa. Ki sa shi ya karanta miki ita da bakinsa.